Gombe na faɗaɗa, amma ina aka bar wa hanya, ruwa da masu sana'a?

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni fili a wannan jarida tamu mai farin jini in yi magana a kan garinmu Gombe, da yadda ake yanka filaye ana gine-gine a gefe-gefensa. Ni mai gidan bulo ne a wajen Tumfure, kan hanyar Bauchi. Da siminti da yashi nake ciyar da iyalina, kuma duk ginin da ya tashi a garin nan alheri ne gare ni da yaran da ke aiki a ƙarƙashina. Na faɗi haka tun farko don kada wani ya ɗauka maƙiyin gini ne ke magana.

Mun ji daɗi da hukumar PEBEC ta Gwamnatin Tarayya ta sa jihar Gombe a matsayi na ɗaya wajen sauƙin gudanar da kasuwanci a 2021, aka kuma maimaita a 2023. Mun ga titunan da aka shimfiɗa, mun ga babbar tashar mota, mun ji labarin hekta 1,000 da aka keɓe wa masana'antu a Dadin Kowa, kusa da madatsar ruwan da ke iya ba da megawat 40 na lantarki. Duk wanda ya san Gombe kafin ranar 1 ga Oktoba, 1996, da aka cire ta daga jihar Bauchi, ya san an yi tafiya mai nisa. Garin da jirgin ƙasa da auduga suka raya, har wata unguwa take amsa sunan kamfanin auduga na BCGA, yau shi ne mahaɗar Arewa maso Gabas. Jiharmu ce ta yi iyaka da dukan sauran jihohi biyar na yankin: Borno, Yobe, Adamawa, Taraba da Bauchi. Jami'ar jiha ta zo a 2004, ta tarayya a Kashere ta zo a 2011, ga Asibitin Koyarwa na Tarayya. Sannan fitinar Boko Haram ta koro 'yan uwanmu daga Maiduguri da Damaturu da Potiskum da Biu, wasu da jarinsu, wasu da rigar jikinsu kawai, kuma da yawansu ba su koma ba. Kowannensu yana neman ɗakin kwana da wurin sana'a.

Ƙaramar hukumar Gombe kuwa 'yar mitsitsiya ce, murabba'in kilomita 52 kacal, kuma a ƙidayar 2006 mutanenta ba su kai dubu 300 ba. Ta cika tuntuni ta batse. Abin da muke kira garin Gombe yanzu ya shiga ƙasar Akko da Kwami da Yamaltu/Deba. Tumfure da nake zaune ma a Akko take. To a nan gefen ne ake haifar sabon garin, kuma a nan ne damuwata take.

Bari in faɗi yadda gona take zama unguwa, don a gabana ake yi. Dattijo zai rasu ya bar gonar dawa. Magada su ce a raba, wasu na son kuɗi, sai a kira dillali. Wani mai kuɗi ya saye gonar ɗungurungum, ya ɗauko yaro mai tef da buhun turaku, a yini guda a yanka ta fuloti-fuloti, kowanne ƙafa hamsin a ɗari. Awon igiya ke nan. Mai yankan ya san duk taku ɗaya da ya bar wa hanya kuɗi ne ya fita daga aljihunsa, saboda haka zai bar layi daidai yadda mota ɗaya za ta ratsa da ƙyar. Ba filin makaranta, ba na asibiti, ba na kasuwa, ba maƙabarta, ba inda za a kafa taransifoma. Idan an yi sa'a a bar rabin fuloti na masallaci. A rubuta takardar ciniki, mai unguwa ya sa hannu, shaidu su sa, dillali ya karɓi la'adarsa, kowa ya watse. Mai gonar da ke maƙwabtaka shi ma haka zai yi bana ko baɗi, da nasa mai tef ɗin, kuma ba wanda zai duba ko layinsa ya haɗu da na farko. Shi ya sa za ka shiga layi a sabuwar unguwa kana tafe lafiya, sai kawai ka yi karo da katangar wani.

Daga nan sai masu gini su zo su ƙarasa abin da ya rage. Wannan ya fito da dakalinsa, wancan ya haƙa ramin sokawe a waje, wani ya ƙara shago a gaban gida ya ci taku uku. Akwai layukan da tifa ba ta shiga ko kusa. Sai mu sauke bulo a bakin titi, a ɗauki yara su riƙa turawa a kura, bulo goma-goma, wasu su farfashe a hanya. Kuɗin wannan dakon a kan mai gida yake hawa, kuma mai gidan yawanci malamin makaranta ne ko ƙaramin ma'aikaci da ya shekara yana zubin adashe. Ya je can ne saboda fili ya fi araha, sai ya biya arahar a wajen dakon yashi, dakon bulo, dakon ruwa. Layin da tifa ba ta shiga, motar kashe gobara ma ba za ta shiga ba. Na taɓa ganin an fito da mace mai naƙuda a kan babur har bakin titi saboda mai Keke Napep ya ce ba zai iya juyawa a ciki ba.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne hanyar ruwa. Gombe a cikin kwari take, tuddai sun kewaye ta, ƙasarta kuma mai yashi ce, ba ta da riƙo. Manoman da suka mallaki gonakin nan sun san inda ruwa ke bi, sukan bar masa wurinsa da ciyawa da itatuwa. Mai yankan fili da rani yake awo, lokacin da ƙasa ta bushe, ko'ina ya zama ɗaya. Baƙon da ya zo daga wani gari ba ya sanin a kan hanyar ruwa aka sayar masa sai watan Agusta. Kuma duk gidan da aka rufa da kwano aka dabe tsakar gidansa da siminti, ruwan da a da ƙasa ke shanyewa yanzu waje yake fitowa da ƙarfi, ya haɗu da na maƙwabta, ya gangara kan na ƙasa. Mu da ke tudun yamma, ruwanmu kan mutanen cikin gari yake sauka. Waɗanda suka ga ambaliyar Agustan 2004 ba su manta ba. Kwazazzabon da ya ratsa ta wajen jami'ar jiha da Malam Inna da Kagarawal, da wanda ya taso ta wajen Kwalejin Ilimi ta Tarayya, sun ci gidajen bayin Allah kafin a zo da kuɗin Bankin Duniya a ƙarƙashin shirye-shiryen magance zaizayar ƙasa na NEWMAP da ACReSAL a yi musu aiki. Aiki ne mai kyau, Allah ya saka. Amma wasu sababbin kwazazzaban muke haƙawa da hannunmu a bayan gari, ƙanana ne yau, yaro ma yana tsallakewa. Barin ƙafa ashirin ga ruwa ranar awo ba ya cin ko kwabo na gwamnati. Ɗaure kwazazzabo da kankare bayan ya girma kuwa biliyoyi yake ci, kuma bashi ne a wuyan jikokinmu.

Yanzu in zo kan kasuwanci, wanda shi ne ainihin abin da ya sa na ɗauki alƙalami.

Idan na duba littafin cinikina, kaso mai tsoka na bulon da nake sayarwa ba ɗaki ake ginawa da shi ba, katanga ce. Mutum ya sayi fuloti huɗu ko shida, ya kewaye, ya sa ƙofar ƙarfe da kwaɗo, ya koma Abuja ko Kano ko Legas. Tun da aka cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayu, 2023, darajar naira ta faɗi, masu kuɗi suka gane ajiya a banki asara ce, sai suka mai da ƙasa asusunsu. Ban ga laifin mutum ya tsare dukiyarsa ba. Amma kangon da aka rufe ba ya ɗaukar ma'aikaci ko ɗaya, sai ciyawa da macizai da 'yan shaye-shaye da ke haurawa da dare. Kuma shi ne yake tura talaka can gaba, inda babu ruwa babu wuta, alhali ga fili a kusa da titi yana kwance. Garin ya yi faɗi fiye da yawan mutanensa, kowane bututun ruwa da kowace turakar lantarki sai sun tsallake kangaye kafin su kai ga mai buƙata.

Inda aka gina kuma, kowa abu ɗaya yake ginawa: jerin shaguna a bakin titi, ko bene mai shaguna sama da ƙasa. Ƙafa goma a goma sha biyu, ƙofar ƙarfe, tayil, shi ke nan. Irin wannan shago ya dace da mai kayan masarufi, mai POS, mai cajin waya, mai sayar da magani. Shi ya sa a layi ɗaya za ka ga masu kayan masarufi biyar suna kallon juna, suna rabon masu saye goma. Na sama kuwa sau da yawa a rufe suke shekara da shekaru, saboda mai ginin ya gwammace su zauna haka da ya rage kuɗin haya.

To ina mai walda zai zauna? Ina kafinta, ina makanike, ina mai injin niƙa da mai casar shinkafa, ina mai matsar man gyaɗa, ina mai haɗa tagogin alminiyam, ina mu masu bulo? Mu ne muke ɗaukar yara aiki. Mai walda ɗaya yana iya riƙe yara shida ko takwas suna koyon sana'a, da yamma kowa ya tafi da na cefane. Sana'armu tana son fili mai faɗi, da wuta mai ƙarfi, da hanyar da babbar mota za ta shiga, da maƙwabtan da ƙara da ƙura ba za su dame su ba. Babu mai yankan fili da ke tunawa da mu. Saboda haka muke raɓe a filayen mutane, haya shekara-shekara, ba takarda. Ni kaina filin da na fara kafa injina, da unguwa ta cika wurin ya yi daraja, mai shi ya ba ni wata guda in kwashe. Na bar rijiyar da na haƙa da daɓen da na zuba, na koma gaba na sake daga farko. Haƙƙinsa ne, filinsa ne, ban riƙe shi a zuciya ba. Amma wanda ya san ana iya tashinsa kowane lokaci ba zai sayi babban inji ba, ba zai yi rumfa mai kyau ba, banki kuma ba zai ba shi rance ba tunda ba shi da takardar da zai ajiye. Haka sana'a take tsufa tana ƙarama. Wani maƙwabcina mai walda, gwani ne na gaske, ƙofofinsa har Yola ake kai su, amma a gefen kwalbati yake aiki, rabin ƙarafansa a kan titi. Duk ranar da aka fito gyaran hanya shi ake fara kora, kuma da gaskiyar masu korar. Sai dai ba a taɓa nuna masa inda zai koma ba.

Filin masana'antu na Dadin Kowa na manya ne, masu kamfanonin da za su zuba biliyoyi, kuma muna fatan su zo. Mai walda ba zai iya tafiyar kusan kilomita 40 kullum ya dawo ba, masu ba shi aiki a cikin gari suke. Abin da ya dace da mu shi ne ƙananan wurare a kowace kusurwa, ɗaya ta hanyar Bauchi, ɗaya ta hanyar Dukku, ɗaya ta hanyar Bajoga, ɗaya ta hanyar Biu, ɗaya ta hanyar Kumo, kowanne hekta kaɗan, da taransifomarsa da rijiyar burtsatse, a ba mu haya mai tsawo da takarda a hannu. Ba kyauta muke nema ba, za mu biya. Duk wanda ya je Panteka a Kaduna ya ga abin da masu sana'ar hannu ke iya yi idan aka tara su wuri ɗaya: wannan ya yanka, wancan ya lanƙwasa, na gaba ya yi fenti, mai saye ya gama komai a zagaye ɗaya. A nan gida ma Tudun Hatsi shaida ce. Saboda hatsi yana da matattara, manyan motoci daga kudu sun san inda za su nufa, 'yan dako da masu ɗinkin buhu da masu abinci duk suna ci a wurin.

Taruwa wuri ɗaya tana da wani amfanin a wajen wuta. Lokacin da ɓarayi suka lalata turakun babban layin lantarki na Jos zuwa Gombe a watan Afrilun 2024, makonni muka yi a duhu, kowa ya koma kan janareta da man da ya ninka kuɗi. Masu ƙananan injuna da yawa rufewa suka yi. Da a wuri ɗaya muke, da mun haɗa kuɗi mun sa babban inji ɗaya ko sola mai ƙarfi. A warwatse kuwa kowa da ɗan janaretansa yake fama.

Akwai wata magana da ta shafi sana'ata kai tsaye, kuma ba zan ɓoye ta ba. Ga kamfanin siminti na Ashaka a ƙaramar hukumar Funakaye, a cikin jiharmu, amma a farkon 2024 buhu ya haura naira 10,000, abin da shekara guda kafin nan ake saye wajen 5,000. Mai gini yana son bulo mai araha, sai wasu masu gidajen bulo suka koma ƙara yashi. Buhun da ya kamata ya ba da bulo talatin da 'yan kai sai a matse shi ya ba da hamsin ko fiye. Ga ruwa a wannan ɓangaren yana da nisa a ƙasa, tanka muke saye, sai a rage ban ruwan da bulo ke buƙata kafin ya yi ƙwari. Irin wannan bulon idan ka murza gefensa da yatsa sai ya zube. Da shi ake ɗora bene. Ina kira ga 'yan uwana masu wannan sana'a mu ji tsoron Allah, rayuka ne za su kwana a ƙarƙashinsa. Mai saye kuma ya ɗaga bulo ɗaya daidai ƙirjinsa ya sake shi a ƙasa kafin ya biya. Idan hukuma za ta riƙa zagayawa tana gwada bulo, ni ne farkon wanda zai buɗe mata ƙofa, don mai ha'inci yana karya mana farashi.

Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta damƙa ƙasar jiha amana a hannun gwamna, kuma filayen birni shi ke da ikon bayarwa. Gwamna Muhammadu Inuwa Yahaya ya kafa hukumar GOGIS don a mai da bayanan filaye cikin kwamfuta, a rage sayar da fuloti ɗaya ga mutum biyu, ga kuma hukumar tsara birane ta jiha. Kayan aiki dai akwai su. Roƙona shi ne su riga mai tef isa gona. Tun gona tana gona a zo a ja manyan layuka, a kafa turakun hanya da na hanyar ruwa, a ce nan makaranta, nan kasuwa, nan masu sana'a, sannan a bar mai gona ya sayar da sauran yadda yake so. Zai rasa fuloti biyu ko uku, amma waɗanda suka rage za su fi tsada saboda suna da hanya. Zuwa da jan fenti na alamar rusau bayan mutum ya kai linta, ya sayar da shanunsa ko filin gadon matarsa ya zuba a ciki, wannan ba ya haifar da komai sai kuka da gaba. Kuma a sauƙaƙa kuɗin takarda ga mai fuloti ɗaya. Muddin bin ƙa'ida ya fi ƙarfin aljihun talaka, wajen awon igiya zai koma.

Masu kangaye kuma, takardar ba da fili tana zuwa da sharaɗin a gina cikin wa'adi. A tuna musu. Wanda bai shirya ba a ƙara masa kuɗin ƙasa, ko a ƙarfafa shi ya ba masu sana'a haya ta shekara biyar ko goma a rubuce. Wannan ba baƙon abu ba ne a addini. Sayyidina Umar, Allah ya ƙara masa yarda, ya karɓe ɓangaren filin Aƙiƙ da Bilal ɗan Haris ya kasa rayawa ya raba wa Musulmi, duk da cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, shi ne ya ba shi. A maganar hanya ma hadisi ya zo a Bukhari da Muslim cewa idan aka yi saɓani a kanta a sanya faɗinta zira'i bakwai, a zamanin da raƙumi ne babbar abin hawa. Ina roƙon malamanmu da limaman coci su riƙa taɓo cin hanya da toshe magudanar ruwa a wa'azinsu, don mutane da yawa ba su ɗauke shi zalunci ba.

Iyayenmu hakimai da dagatai da masu unguwanni, ku ne kuka san kowace gona da inda ruwanta ke bi tun kakanni, kuma ba a cinikin fili a ƙasarku ba da saninku ba. Idan mai unguwa ya ce ba zai sa hannu ba sai ya ga an bar hanya ƙafa talatin, an bar wa ruwa wurinsa, mai yankan ba shi da yadda zai yi. Ina fata Mai Martaba Sarkin Gombe, Alhaji Abubakar Shehu Abubakar III, da sauran sarakunan da garin ya shiga ƙasarsu, za su ba su wannan umarni kuma su tsaya musu, don masu sayen gonakin nan manya ne, mai unguwa shi kaɗai ba zai iya ja da su ba.

Mu masu bulo da masu walda da kafintoci na wannan yankin mun fara zama muna rubuta sunayenmu da yawan yaran da kowa ke riƙe da su da girman filin da yake buƙata, da niyyar mu kai wa hukumar tsara birane da shugaban ƙaramar hukumar Akko kafin rani ya shigo a fara sabon awo. Ina kira ga masu sana'a na sauran hanyoyin shiga gari su yi nasu lissafin, mu haɗa mu kai tare.

Na gode, Malam Edita. Allah ya ƙara wa jarida ɗaukaka.

Naku,
Mai gidan bulo,
Tumfure, Gombe.